Koren Fayil ɗin Mika'ilu

Duk wanda ya taɓa kai ƙara kotun da ke bayan Kasuwar Umdurman ya san Mika'ilu Salih. In bai san sunansa ba, ya san teburinsa, wani teburin ƙarfe mai ƙafa uku da rabi da aka tokare da bulo, a gindin dalbejiya ta biyu in ka fito daga ƙofar kotu. Nan yake zama tun hantsi yana rubuta wa mutane takardun ƙara da na koke. Mutanen gari suna ce wa mai wannan sana'a ardahalji, amma shi ya fi son a ce masa Ustaz, kuma tunda faɗin haka ba ya rage wa kowa komai, ana ce masa.

A Aljirif aka haife shi, gidan masu buga bulo a bakin kogi. Kakansa ya baro Haɗeja da ƙafa zai je Makka, ya tsaya ya ɗan huta a bakin Nilu, hutun da har yau jikokinsa ba su gama ba. Mahaifinsa, Malam Salih, ya buga bulo har bayansa ya tanƙware. Shi kuwa Mika'ilu Allah ya ba shi kyan rubutu da riƙe magana, don haka yana gama sakandare ya tsallake kogi ya nemi inuwa a ƙofar kotu. Shekara ashirin da 'yan kai yana nan, ya san doka kamar yunwar cikinsa. Sababbin lauyoyi sukan zo su tsaya kusa da shi kamar masu shan inuwa, su tambaye shi a hankali wace takarda ake fara shigarwa, ya gaya musu, su yafa baƙar riga su shige ciki su bar shi a waje. Abin da ke cin ransa ke nan. Maganarsa tana shiga gaban alƙali kullum, shi iyakarsa ƙofa.

Akwai wata kwalejin koyon aikin lauya can bayan Soba da take ɗaukar manya waɗanda suka daɗe suna aiki, da sharaɗin mutum bai cika hamsin ba ranar da ya miƙa takardunsa. Mika'ilu yana da talatin da shida ya fara nema. Ya sayi koren fayil, ya zuba hotuna huɗu, da takardar likita, da wasiƙar neman shiga mai shafi biyar da ya buɗe da cewa shi matashi ne mai jini a jika. Sai kuma uwar tafiya, wasiƙar shaida da alƙali Maulana Tariq ya rubuta masa da hannunsa, da tawada shuɗiya, inda ya ce bai taɓa ganin ardahalji mai basira irin wannan ba. Wannan shekarar ba a ɗauke shi ba.

Da shekara ta zagayo ya sake miƙa fayil ɗin. Bai canja komai ba sai kwanan wata, shi ma da reza ya kankare shi. Haka ya yi a shekara ta uku, da ta bakwai, da ta goma sha uku, har wajen kwanan watan ya yi sirara kana iya hango rana ta cikinsa. Gashin kansa ya zube, na hoton yana nan cunkus. Maulana Tariq ya rasu aka yi sadakar uku da ta arba'in, wasiƙarsa ba ta fasa zuwa Soba duk shekara tana yabon Mika'ilu ba.

Matarsa Zuhura ta sha yi masa magana. Ta ce, "Ustaz, wannan yaron na cikin hoto ko ni na manta shi. Ka je ka ɗauki sabo mana."

Ya ce, "Ke ba ki san takarda ba. Da tsohuwar zuma ake magani."

Ta ce, "To, shekara goma sha uku muna shan maganin, ban ga an warke ba."

Shi da yake duba takardar kowa ya fito da kuskure ko da na ɗigo ne, bai taɓa zama ya karanta tasa ba. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Tafiyar Soba tana da nata tsarin. Mahaifiyarsa Nagoggo, tsohuwa mai shekara tamanin da idonta ya fara hazo, ita ke fara turara fayil ɗin da itacen sandal, ta yi masa tofi ciki da waje. Sannan ya sa farar jallabiya ya hau mota ya je ya miƙa ta taga. Mai karɓa a tagar kuwa ɗan gida ne, Muntasir, wanda mahaifinsa ya baro gonakin audugar Jazira ba shi da ko tabarma, Malam Salih ya sauke shi a zaurensa ya koya masa bulo. Muntasir yakan miƙe tsaye in ya hango Mika'ilu, ya karɓi fayil da hannu biyu, a gaisa a tambayi kowa da kowa har akuyar gida, ya ce in sha Allahu alheri ne. Bayan wata biyu a liƙa sunaye ba na Mika'ilu, Muntasir ya mayar masa da fayil da hannu biyu, kansa a ƙasa, ya ce Allah bai nufa ba.

Daga nan sai zaman jaje. Maƙwabta su taru a tsakar gida, Zuhura ta dafa gahawa, Mika'ilu ya kishingiɗa ya bayyana musu yadda aka yi a ɗakin da bai taɓa shiga ba. Malamai biyar ne, in ji shi, uku suna sonsa, biyu suna tsoron ya shigo ya ƙure su. Wata shekarar kuma ya ce sun ga sunan Bahaushe ne, ga shi ba shi da uwa a gindin murhu. Jama'a su girgiza kai su ce haka duniya take. In za a faɗi gaskiya, yana jin daɗin wannan zama fiye da yadda ya kamata wanda ya faɗi ya ji.

Amma bana ba wasa. A lissafin Nagoggo, wadda ta haife shi, ƙarshen damina zai cika hamsin, kuma ana rufe karɓar takardu kafin nan. Wannan ce ta ƙarshe. Ya daina cin abinci sosai, ya zama mai saurin fushi, har ya rubuta wa wata mata takardar neman gado ya sa sunan kwalejin a maimakon na kotu.

Nagoggo ta lura da ɗanta, ta yi nata tunanin. Ana saura kwana shida a rufe, da safe bayan ya dawo daga masallaci, ta miƙo masa kwano da ruwa mai ɗan shuɗi-shuɗi. Rubutu ba baƙonsa ba ne, tun yana yaro take ba shi, don haka ya yi bisimilla ya shanye, ya shafe fuska da sauran. Sai da ya ajiye kwanon ya ce, "Inna, wane malami ne ya rubuta wannan? Ɗanɗanonsa daban."

Ta ce, "Ba malami ba ne, alƙali ne guda. Shekara goma sha uku ina yi wa takardar nan hayaki, hayaki kuwa a waje yake tsayawa. Albarkar mutumin tana kwance a cikin fayil ba ta shiga jikinka ba. Yanzu ta shiga."

Ya fita tsakar gida da sauri. Ga wasiƙar Maulana Tariq nan a kan igiyar shanya, tsakanin zanen Zuhura da safarsa, an maƙale ta da kyau don kada iska ta ɗauke. Fara tas, ko sa hannun bai tsira ba. Ya tsaya yana kallonta, cikinsa yana ƙugi, bai san ko tawada ce ko tashin hankali ba. Uwa ce, ba dama ya ɗaga murya. Zuhura ta shige kicin ta toshe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa.

A ranar ya hau motar Soba, zai yi abin da bai taɓa yi ba, wato tambaya. So yake ya ji daga Muntasir ko za a karɓi fayil ba wasiƙar shaida. Ya tarar Muntasir ya tafi Jazira ta'aziyya, an zaunar da wata yarinya a tagar, sunanta Hiba, tana cin gyaɗa tana duba waya. Ya fara gaisuwa, ta amsa biyu ta miƙo hannu. Ta buɗe fayil ɗin, ƙamshin sandal ya buge ta har ta yi atishawa. Ta ɗaga hoton ta dube shi, ta dubi Mika'ilu.

Ta kira shi baffa da Larabci, ta ce, "Ya ammu, ɗanka ne yake nema?"

Ya ce shi ne, kuma wannan ne karo na goma sha huɗu.

Ta juya bayan fayil ɗin ta nuna masa da farce. Hausarta tana tafe tana faɗawa Larabci. Ta ce duk fayil ɗin da ya shiga gaban malamai ana buga masa hatimi a nan, na kowace shekara daban. "Naka hatimi ɗaya ne, na shekarar farko. Hoto ba ya wuce wata shida, takardar likita ba ta wuce shekara, mai shaida kuma dole ya zama yana da rai, don ana buga masa waya. Wannan fayil ɗin bai wuce tagar nan ba, ya ammu. Ma'alesh, ka yi haƙuri."

Ya ce, "To ina yake kwana wata biyu duk shekara?"

Ta waiwaya ta nuna wani kabad na ƙarfe a bayan kujerar Muntasir, an ɗora butar shayi a kansa.

Mika'ilu ya dubi kabad ɗin ya daɗe. Malamai ukun da suke sonsa da biyun da suke tsoronsa, ashe duk a cikin nan suke zaune, tare da sukari da kofuna. Kunya ta kama shi. Ya ɗauki fayil ɗinsa ya yi godiya, yarinyar ta koma kan gyaɗarta.

Kwana biyar ɗin da suka rage ya yi gudun da bai yi ba a shekara goma sha uku. Ya je ɗaukar hoto, aka miƙo masa wani dattijo mai sanƙo da furfura, ya tambayi mai hoton ko ba a yi musanya ba. Likita ya auna shi ya gano hawan jini. Wasiƙar shaida kuwa ya daɗe yana jan ƙafa kafin ya je ofishin Nahla, lauyar da ta fara aiki tana tsayawa a inuwarsa tana tambayarsa. Ta ce da ya zo tun tuni, ta zauna ta rubuta masa shafi biyu a take. Wasiƙar neman shiga ce ta fi ba shi wuya. Mutumin da ke cika wa baƙo shafi uku kafin shayi ya huce, ya kwana biyu bai haɗa layi goma a kan kansa ba. A ƙarshe ya rubuta rabin shafi, ya ce shekarunsa ashirin da takwas yana rubuta maganar mutane yana tura ta ciki, yana so sau ɗaya ya bi ta ya ga inda take zuwa. Hiba ta karɓa ta buga hatimi a gabansa.

Bayan mako uku aka kira shi ganawa. Nagoggo ta ce, "Kun gani ko? Da kun bar ni na wanke wasiƙar nan tun shekarar farko." Ba wanda ya yi mata musu.

Malaman uku ne, ba biyar ba, kuma ba wanda ya nuna alamar tsoro. Shugabarsu wata dattijuwa ce mai tabarau. Suka tambaye shi yadda ake fitar da ɗan haya da ya ƙi tashi, ya jero musu matakan ɗaya bayan ɗaya har da inda lauyoyi suka saba yin tuntuɓe. Suka jefo masa rabon gado mai mata biyu da 'ya'ya bakwai da kaka, ya raba shi da ka kafin na gefen dama ya gama nemo biro. Ya ga ɗayansu yana rubuta abin da yake faɗa. Tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa jin daɗi irin na wannan rabin sa'ar ba.

Sai shugabar ta buɗe shafin ƙarshe ta tsaya. Takardar ƙiyasin shekaru ce. Lokacin da za a sa Mika'ilu makaranta ba shi da takardar haihuwa, don a ɗaki aka haife shi, sai aka kai shi wurin likita ya buɗe bakinsa ya dubi haƙora, ya rubuta shekara, ya sa ɗaya ga Janairu. Rabin mutanen Aljirif a takarda ranar aka haife su, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukar abin da muhimmanci.

Ta ce, "Ustaz Mika'ilu, a wannan takardar ka cika hamsin wata bakwai da suka wuce."

Ya ce mahaifiyarsa tana raye, za ta shaida ƙarshen damina ne, lokacin da kogi ya fara janyewa.

Ta ce, "Na yarda da ita. Amma kai ka fi kowa sanin abin da alƙali zai yi in uwa ta faɗi ɗaya takarda ta faɗi ɗaya."

Ya sani. Shi da kansa ya sha gaya wa mutane haka a gindin dalbejiya.

Ta cire tabarau ta rufe fayil ɗin a hankali. Ta ce, "Ina ka shiga duk shekarun nan? Da bara wannan ya zo gabanmu, da yanzu kana shirin shiga aji biyu."

Bana ba a yi zaman jaje ba. Maƙwabta sun zo, Zuhura ta ce musu Ustaz yana kwance. Yana kwancen kuwa, fuskarsa a bango, baƙin ciki ya cika shi, kuma abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ba wanda zai ɗora wa laifin ya huta. Nagoggo ta ɗauki sandarta ta ce a kai ta Soba ta ga wanda ya fi ta sanin ranar da ta yi naƙuda, da ƙyar aka zaunar da ita.

Kwana huɗu bayan ya koma teburinsa, sai ga Muntasir. Ya tsaya nesa kaɗan kamar mai jiran layi, sai da kowa ya watse ya matso ya durƙusa.

Ya ce, "Yaya, ka yafe mini. Shekara ta biyu na buɗe baki zan ce hoton ya tsufa, sai na ga ka fito da wasiƙar Maulana ka sumbace ta. Yaya zan dubi ɗan Malam Salih in ce takardarsa ba ta yi ba? A zaurenku aka yi mini suna. Na ce bari sai baɗi. Da baɗin ta zo, in na faɗa sai na bayyana ta bara. Haka abin ya yi ta girma."

Mika'ilu ya dubi Muntasir, shi ma furfura ta fara fito masa. Ya ce, "Mu nawa ne a kabad ɗin?"

Muntasir ya ce huɗu ne. "Duk manya ne, Yaya, masu mutunci."

"Wanda ba shi da mutunci fa, yaya kake yi da shi?"

"Shi ai nan take nake gaya masa ya je ya gyara."

Mika'ilu ya tura masa takarda da biro ya ce ya rubuta sunayen ukun da inda suke. Biyu suna da sauran shekaru. Ta ukun, Malama Mariyamu, mai koyarwa a wata firamare a Umdurman, ta nema sau shida, kuma baɗi ce tata ta ƙarshe.

Ranar Juma'a da la'asar ya je gidanta. Mace ce mai kwarjini, ta karɓe shi da girmamawa don ta san sunansa. Aka kawo ruwa, aka kawo shayi da dabino. Ya tambayi maigida, ya tambayi yara, ya tambayi makaranta da zafin bana. Da maganar kwalejin ta taso, ta ɗauko nata fayil ɗin daga cikin akwati, a naɗe cikin sabon zane, ta ce malaman can ba sa son mace mai baki, shi ya sa. Ya ga hoton, wata matashiya ce mai kumatu. Ya ce ma sha Allah. Harshensa ya yi nauyi kamar ɗanyen bulo, ya ji tausayin Muntasir ya kama shi. Ya sha shayi na biyu, ya yi addu'a, ya miƙe ya yi sallama, ta rako shi har zaure.

Ya sa takalmi ɗaya. Ya tsaya da ɗayan a hannu, ya juyo bai dubi idonta ba.

Ya ce, "Malama, hotonki ya tsufa. Takardar likitanki ta mutu. Ba wanda ya karanta fayil ɗinki tun shekarar farko."

Ta ɗaure fuska, ta ja gyalenta. Ta ce, "Ustaz, a gidana, bayan ka sha shayina? Ban zaci rashin kunya daga gare ka ba."

Ya ce, "Ni ma da na sami mai yi mini ita bara, da na gode masa. Mai hoton yana buɗewa ƙarfe takwas."